Babur Bakwai da Na Zuƙe

Shekara ashirin da biyu na yi ina acaɓa a Magama, bakin iyakar Jibiya. In ɗauki mutum daga nan in kai shi tsallake, in ɗauko wani in dawo. Buhu, jarka, akuya, mace mai ciki, babu abin da ban ɗora a bayan babur ba. Na karye sau biyu. Rana ta dafa ni, ruwa ya doke ni.

Duk shekarun nan ina shan sigari. Kuma duk shekarun nan ina cewa kyauta nake sha.

Ga yadda abin yake. Mutanen Nijar da sefa suke biyan mu. In takarda ce, sai mu kai wa 'yan canji su ba mu naira. Amma fasinjan can ba ya rasa kuɗin ƙarfe a aljihu: dala biyar, dala goma, dala ashirin, yadda suke kiran su. Zai cika maka kuɗinka da su. In ka kai shi lafiya ya ji daɗi, ya ƙara maka biyu ko uku ya ce ga kado, wato kyauta. 'Yan canji ba sa karɓar ƙarfe. Nauyi gare shi, ƙirga shi kuma ɓata lokaci ne. Mu a wajenmu kuɗin ƙarfe ya daɗe da mutuwa. Ko mai ƙosai ka miƙa wa, harara za ka sha. Saboda haka ba mu ɗauke shi kuɗi ba. Abu ne mai huda aljihu, mai ƙara in kana gudu a kan gargada.

Mutum ɗaya ne ke karɓa a tasharmu: Baba mai tebur.

Tsoho ne, asalinsa wajen Maraɗi, amma ya riga yawancinmu zama a Jibiya. Teburinsa yana ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, daf da inda muke jera babura. Sukari, ganyen shayi, sabulu, ashana, batir, alawa, sai sigari a jere a gaba. A jikin bishiyar ya rataye igiyar rama mai kauri, ya kunna mata wuta a baki, tana ci a hankali tun safe har yamma. A nan muke kunna sigari. Ƙarƙashin teburin akwai babban gwangwanin madara da ya huda wa murfi. Kowane ƙarfe nan yake faɗawa. Shi kansa ban taɓa ganin kara a bakinsa ba. Goro ma rabi yake ci a yini.

Ran da na fara zuwa wurinsa ina saurayi, gashin baki bai gama fitowa ba. Na watsa masa ƙarafa a kan tebur kamar mai zubar da tsakuwa. Ya dube su, ya dube ni.

Ya ce, "Ɗan nan, ka san mi ne wanga?"

Na ce, "Ƙarfe."

"Kuɗɗi ne."

"To in kuɗi ne ba ni kara biyu."

Bai yi dariya ba. Ya ba ni kara biyu, ya jefa ƙarafan a gwangwani.

Ba ma sayen kwali. In aka ga kwali a aljihunka, kafin azahar ya ƙare a bakin wasu. Kara-kara muke saye. Ka sauke fasinja, ka zo tebur, ka ajiye dala biyar, ka kunna a igiya. Ka sake fita, ka sake dawowa. Ba ka taɓa ganin abin a dunƙule. Ni na fi kowa sha, har abokan aiki suka daina kiran sunana, suka koma ce mini salansa. In na iso sai wani ya ce, "Ku matsa, salansa ta zo, a buɗe tagogi." Ni ma in yi dariya.

Matata 'yar Mazanya ce. Ba ta da yawan magana, amma warin ya dame ta, da ƙananan hujin da wuta ke yi wa riguna. In ta yi ƙorafi amsata ɗaya ce.

"Naira nawa na taɓa a kuɗin cefane?"

Gaskiya ne ban taɓa ba. Da wannan maganar na rufe mata baki shekara da shekaru.

Akwai abin da Baba ba ya yi. Ba ya ba da sigari sai da kuɗi a hannu. Sukari zai ba ka ka kawo daga baya. Sabulu zai ba ka. In matarka ta haihu zai ɗaure maka ganyen shayi da sukari a leda ya ce a gai da mai jego, ba zai karɓi komai ba. Amma ka ce ya ba ka kara ɗaya zuwa anjima, kamar da bishiyar kake magana. Kuma ba ya sayar wa wanda bai isa ba, ko an ce aiko shi aka yi. Sai ya ce, "Wanda ya aiko ka yana da ƙafa."

Kowace ƙaramar salla, in na zo gaishe shi, maganarsa ɗaya ce.

"Wata guda ka yi kana yini babu ita. Ba ka mutu ba. Mi ya hana ka ci gaba?"

In ce, "Baba, in na daina wa zai cika maka gwangwani?"

Ya ce, "Allah."

In yi dariya in kunna.

Haka muka yi har shekarar da aka ƙwace mini babur. Ba zan tsawaita ba. Da bazara ne, bayan la'asar, na sauke wani a wajen Gangara ina dawowa. Mutum biyar da bindigogi. Sun buga mini gindin bindiga a kafaɗa, sun karɓi babur da waya da takalmi. Ba su kashe ni ba. Na tako da ƙafa har gida. Wasu da aka tare a hanyar nan ba su dawo ba, don haka ba na kuka da nawa.

Da na warke na duba abin da nake da shi. Babu. Shekara ashirin da biyu a kan titi, babu ko tunkiya. Abokan aiki suka yi mini karo-karo, ya riƙe gida na 'yan kwanaki. Abu ɗaya ya rage mini a duniya: gonar da na gada wurin mahaifina a Farfaru. Ba babba ba ce. In damina ta yi kyau tana ba da dami arba'in na gero, da ɗan wake a tsakani. Ita ke ciyar da mu rabin shekara. Acaɓa na kawo kuɗin miya, gonar na kawo tuwo.

Na je wurin dillali. Kwana biyu ya samo mai saye, don ana gab da damina, kowa na neman ƙasa. Aka tsayar da Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, a zo da kuɗi da shaidu. Kuɗin zai sayi babur sabo, ya bar ɗan canji.

Da na gaya wa matata tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "In an sake ƙwace wannan, me za ka sayar?"

Na fita.

Ran Litinin na je tebur. Babu babur, babu fasinja, babu ƙarfe. Karo na farko a rayuwata na zaro naira daga kuɗin karo-karo na ajiye don sigari. Na ji ta a jikina, kamar an cire mini haƙori. Baba ya turo mini kuɗina da yatsa.

Ya ce, "Ba ni saida maka."

"Kuɗin jabu ne?"

"An ce za ka saida gonar ubanka."

"Haka ne."

"Yaushe?"

"Lahadi."

Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini ƙafarsa. Ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi.

Ya ce, "Sati biyu ban tsallaka ba. Kai kuma ba ka da aikin yi. Gobe ka kai mani kaya."

Na san yana tsallakawa duk mako, amma ban taɓa tambayar abin da yake kai shi ba. Ban damu ba. Na ce to, don ba a ce wa Baba a'a.

Talata da safe ya miƙo mini wata jaka ta tsohon buhun gishiri, an ɗaure bakinta da tsumma. Na karɓa da hannu ɗaya, sai da na ƙara na biyu. Nauyinta ya kai tiya uku ta gero. Ƙarafan gwangwani ne na mako biyu. Ya kwatanta mini kantin wani Alhaji a kasuwar da ke tsallake, ya faɗa mini kayan da zan karɓo, ya maimaita sau biyu.

Dole na hau bayan wani. Wanda bai yi acaɓa ba ba zai gane ba. Shekara ashirin da biyu hannuna ke kan kai, yau ga ni a baya kamar buhu. Wanda ya ɗauke ni abokin aikina ne, ni na koya masa hanyar ma.

Ya ce, "Salansa, riƙe ni da kyau, kada ka faɗo a ce ni na yar da kai."

Na ce, "Tuƙa, ɗan banza. Giya ta uku kake a kan yashi."

"Fasinja ba ya koya wa direba aiki. Ka biya tukuna?"

Tun jiya ban sha ba. Kaina na sarawa, bakina ya yi ɗaci, hannuna na rawa. Ga jaka a cinyata cike da kuɗin sigari, ga masu tebur a bakin hanya. Dala biyar ɗaya a cikin wannan tulin, wa zai sani? Na sa yatsa a kan ɗaurin sau biyu. Ban kwance ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, in faɗi gaskiya. Kunyar tsohon ce ta fi yawa.

Duk shekarun da na yi ina tsallakawa, a tasha nake sauke mutum in juya. Ban taɓa shiga kasuwar na sayi ko allura ba. Ran nan na shiga. Da mai kantin ya hango jakar sai ya miƙe tsaye. Mutum mai jiki, mai babbar riga, ya miƙe wa buhun gishiri.

Ya ce, "Ina Baba? Lafiya dai? Sati biyu ina duban hanya!"

Na ce ƙafa ce. Ya yi addu'a, ya sa aka ba ni kujera da ruwan sanyi. Ya juye jakar a babban faranti, ya shiga jera ƙarafan goma-goma. Kafin ya gama, masu kantin da ke kusa sun taru a ƙofa, kowa da takardarsa a hannu, suna roƙon ya sammusu.

Na ce, "Alhaji, mene ne abin rububi a ƙarfe?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi amfanin ruwa.

Ya ce, "Kai ɗan Najeriya ne ko? Nan canji shi ne wahalarmu. Jiya mutum uku suka fita ba su sayi komi ba, don ba ni da canjin jika, takardar dala ɗari biyu. In babu wanga, kanti rufewa yake."

Ya gama ƙirga ya fara fitar da kaya. Buhun sukari. Jarkar man girki. Katan na taliya. Ganyen shayi. Sannan ya ɗora katan ɗin sabulu a sama ya ce wannan na ƙarfe ne, haka suke yi da Baba, duk wanda ya kawo masa ƙarfe yana da ƙari.

Na tsaya ina kallo.

Na ce, "Duk wannan?"

Ya ce, "Da saura dala goma. Ungo."

Babur ɗaya bai ɗauke mu ba. Sai da aka kira na biyu.

Da muka sauke kaya a gindin bedi, na miƙa wa Baba dala gomarsa. Ya jefa a gwangwani. Ya ce in zauna. Tasha ta yi shiru, rana ta take, kowa ya fita nema. Ya ɗauki tsinke ya share ƙasa da tafin hannu.

Ya ce, "Kara nawa kake sha a yini?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Ashirin. Ran kasuwa ya fi haka, amma bar shi a ashirin. Kowane dala biyar. Dala ɗari ke nan kullum. A sati jika uku da rabi. Cikin jakar da ka ɗauka yau, kashi ɗaya cikin goma irin naka ne."

Ya ci gaba.

"Naira ta hau ta sauka, ba ni iya bin ta. Sefa tana kusa da inda na san ta. In ka tara naka na shekara uku, babur ne. Sabo, da ledarsa."

Ya ja layi ɗaya a ƙasa. Ya ce shekara uku. Ya ja na biyu. Ya ce shida. Yana ja yana faɗa, ba ya sauri. Da ya kai ashirin da ɗaya ya tsaya. Layi bakwai.

Ya ce, "Saura shekara ɗaya. Na bar maka ita kuɗɗin mai."

Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga bakwai. Na dubi layukan nan na ga babura a jere, kamar yadda muke jera su a tasha. Ɗaya kawai nake nema. Saboda ɗaya zan sayar da ƙasar da ubana ya yi shekara arba'in yana zuba wa taki.

Raina ya ɓaci. Ba da kaina na ji haushi ba, da shi na ji.

Na ce, "Kai ka cinye su ai."

Ya ce, "Mafi yawa ya tahi wurin masu yin ta. Rabona kaɗan ne. Amma kaɗan ɗin ban ƙona ba. Da shi na yi gida, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu. Akwai bulonka a katangata, ban musa ba."

"Kuma kana kallo."

"Na gaya maka ran farko."

"Sau ɗaya."

"Da kowace salla. Ka ƙirga su su ma."

Na miƙe. Na je wani tebur can gaba na sayi kara biyu da naira, na tsaya inda zai gan ni na kunna. Bai ko dubo ba, yana ɗaura sukari a leda. Na sha ɗaya. Na biyun na kai rabi na ji ina ƙirgawa: dala biyar, dala biyar. Tsohon ya lalata mini ita.

Laraba ban fita ba. Na je Farfaru na zaga gonar. An fara share gonaki, maƙwabta na ƙona kara. Na zauna gindin gawon da ke tsakiya har rana ta karkata. Ban yanke komai ba.

Alhamis na koma tebur. Ban gaishe shi da kyau ba. Bai damu ba. Ya jawo wani benci ya ajiye gefensa, ya ɗora ƙullin naira a kai.

Ya ce, "Zauna nan. Duk wanda ya zo da ƙarfe ka tambaye shi: sigari ko naira? In ya ce naira, ka ba shi ƙasa kaɗan da yadda 'yan canji ke ba da na takarda. Sau biyu a sati ka tsallaka ka sawo kaya. Abin da ya hau, da ƙarin da Alhaji ke bayarwa, mu raba biyu."

Na yi lissafin a kaina. Ba wuya. A sigari yana cin riba biyu, ta sigari da ta ƙarfe. A wannan ɗaya ce, kuma zai raba ta da ni.

Na ce, "Baba, kasuwarka za ka kashe."

Ya ce, "Shekara talatin ina saida tari. Na san kowa da tarinsa tun bai iso ba. Naka na safe daban, na yamma daban. Ya ishe ni."

"Me ya hana ka yi tun da?"

"Son kuɗɗi. Da kuma rashin wanda zan ba jaka." Ya gyara ƙafarsa a kan kujera. "Na san abin da ke cikin wadda ka kai. Ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Kuma na ga hannunka na rawa da za ka tahi."

Wannan ce kaɗai yabon da ya taɓa yi mini. Na zauna.

Ranar farko dariya aka yi mini. Wani ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, salansa ta buɗe banki!" Wani ya cire hula ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe manaja, a ba ni rancen kara ɗaya." Na ƙyale su. Yawanci sigarinsu suka karɓa suka tafi. Wajen la'asar abokin nan da ya ɗauke ni ya zo da ƙarafan yini guda a hannu. Don ya tsokane ni ya ce naira. Na ƙirga na ba shi. Ya dubi kuɗin, ya sake dubawa.

Ya ce, "Kai, wannan ai ya kusa litar mai."

Na ce, "Ya kusa."

"Kullum litar mai nake busawa?"

"Ni fiye da haka."

Ya sa a aljihu. Ya dubi igiya, ya haɗiye yawu, ya tafi.

Juma'a labari ya zaga. Ba wai sun daina sha ba ne, kada in yi ƙarya. Amma ashe akwai ƙarfe a gidaje. Waɗanda ba sa shan sigari sun yi shekaru suna zuba nasu a kwalba da ƙarƙashin katifa, ba su san inda za su kai ba. Direbobin manyan motoci ma suka kawo nasu. Wata mai abinci ta zo da shi cike da kwanon sha. Kafin la'asar nairar Baba ta ƙare, sai da ya aika gida aka ƙaro.

Asabar na tsallaka da jaka biyu. Alhaji ya kusa rungume ni. Da muka dawo Baba ya ware nawa ya miƙo mini. Ba kuɗin babur ba ne. Ko taya ɗaya ba zai saya ba. Cefanen mako ne, da ɗan saura. Na kai wa matata na ajiye a gabanta.

Ta ce, "Na gonar ne aka fara bayarwa?"

Na ce, "Na ƙarfe ne."

"Wane ƙarfe?"

"Wanda na ce miki ba kuɗi ba ne."

Ta daɗe tana kallona. Tana da abin faɗa na shekara ashirin. Ba ta faɗa ba. Ta ɗauki kuɗin ta ɗaure a bakin zane.

Lahadi dillali ya same ni a kan benci. Ya sha wanka, ya sa hula sabuwa.

Ya ce, "Tashi mu je, mutumin ya iso, shaidu na jira."

Na ce, "Na fasa."

"Ka me?"

"Na fasa."

"Kai, kada ka mayar da ni ƙaramin mutum! Na sa dattijo ya taso tun daga Katsina da kuɗi a jaka. Da me za ka ci abinci? Da wannan tarkacen?" Ya shuri gwangwanin da ƙafa, ya yi ƙara.

Baba ya ce, "Malam, a hankali. Kuɗɗi ne."

Na bi dillalin har wurin mai sayen na ba shi haƙuri da bakina. Na biya kuɗin motarsa, na ba dillali na goro. Ya karɓa yana zagi. Ya yi wata uku ba ya amsa sallamata.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Barin sigari ya fi karaya ciwo. Na yi faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba. Na ci goro har haƙorana suka rine. Na koma mata sau biyu, sau ɗaya har na kwana tara ina sha a ɓoye. Baba ya ji warin, sai ya ja layi ɗaya a ƙasa da tsinke ya ci gaba da aikinsa. Akwai lokacin da aka tsananta a iyaka, tsallakawa ta yi wuya, muka yi makonni babu ko sisi. Mun ci tuwo babu miya. Amma tuwon daga gonar ya fito.

Ba zan wanke Baba tas ba. Ya sayar mana da abin nan shekara talatin, kuma har yau akwai kwali biyu ko uku a gefen teburinsa don waɗanda suka nace. Shi ma bai taɓa wanke kansa ba. Amma na yi zama da mutane iri-iri a bakin iyakar nan, na ga masu wa'azi, na ga masu kuɗi. Ban ga wanda ya rage abincinsa da hannunsa don wani ya tsira da gonarsa ba, sai shi. Igiyar ma ya kwance ta. Ya ce mai son wuta ya sayi ashana, ya ji a aljihunsa.

Shekara ɗaya da rabi na yi a kan bencin nan kafin na sayi babur. Tsoho ne, na hannu, tankinsa a lotse, sai an tura yake tashi da safe. Ba na acaɓa da shi sosai. Jaka nake kaiwa, in ɗauko kaya.

Da kakar bana na ɗaure dami arba'in da uku. Na sa aka sussuka biyu, na ɗora buhun a bayan babur na kai wa Baba gida, don yanzu ƙafar ba ta barin shi fita kullum. Na same shi a zaure. Ya sa hannu a buhun ya ɗebo geron, ya murza, ya shinshina.

Ya ce, "Na Farfaru?"

Na ce, "Na Farfaru."

Ya leƙa waje ya dubi babur ɗin, da lotsattsen tankinsa da madubi ɗaya.

Ya ce, "Wanga ne na takwas. Kada ka zuƙe shi."

Na ce to. Na ɗauki buhun na shigar masa cikin gida.